Ƙafa Dubu Shida da Kota Ɗaya: Amsa ga Mai Haɗa Bod ɗin Fitilar Sola

Wani matashi daga wani ƙauye a yankin Ringim ya turo tambaya. Yana haɗa ƙananan bod, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, na fitilar sola mai cajin waya, an ba shi aikin guda 200, kuma kowane bod yana da ƙafafu wajen 30, wato 'yan wayoyin da ke fitowa daga jikin kayan, da yake yankewa bayan ya gama solda. Ya gama guda 60, hannunsa ya yi bororo, kotarsa ta dakushe. Wani mai walda a garinsu ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ya kawo a shafe bayan bod ɗin da giranda a wuce wurin. Ya ce: "Yaya, ba ni da kuɗin inji. Girandar za ta yi? In ba za ta yi ba, mece ce hanya mafi araha?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan nema.

Bari in fara cire maka giranda daga zuciya, don ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka. Kada ka kai bod ɗinka wurinta, ko guda ɗaya don gwaji. Girandar masu walda tana juyi sama da dubu goma a minti ɗaya, layin jan ƙarfen da ke bayan bod kuwa kaurinsa milimita 0.035 ne, bai kai silin gashi ba. Hannunka ya ɗan karkata sau ɗaya, layi ya tafi. Ko ma ba ta taɓa layin ba, girgizarta tana bin kowace ƙafa ta shiga cikin lid ɗin, wato ƙarfen da ake narkawa a yi solda, ta tsattsaga shi, ga zafi, ga garin ƙarfe da zai cika tsakanin layuka yana jiran ranar da zai yi shot. Amma duk waɗannan asarar kuɗi ce, ana iya mayar da ita. Wadda ba a mayarwa ita ce ta lafiya. Lid ɗin da muke saye, mai rubutun 60/40, kashi 40 cikin ɗari nasa dalma ce. Idan ka gurza shi ya zama ƙura, ƙurar nan za ta sauka a tabarma, a rigarka, a ƙasan zauren da yara suke rarrafe. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma silar ita ce niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Ba na ce yawan ƙurarka zai kai nasu ba, amma hanyar shigarta jikin yaro ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Mai waldar bai nufe ka da sharri ba, ƙarfen ƙofa ya sani, shi ya sa.

Wataƙila ka ga bidiyon masana'antun Sin inda ake tura bod a kan wani faifai mai juyawa, ƙafafu su zube gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Wannan injin gaskiya ne, amma ba giranda ba ne. Faifansa wuƙa ce mai kaifi da aka yi da wani ƙarfe mai tsananin tauri, tana yanka ne, ba gurza take ba. Bod ɗin yana tafiya a kan dogo wanda aka saita tsayinsa, ba a hannun mutum ba, kuma sau da yawa bayan yankan sai an sake tsoma shi a narkakken lid. Mai bod dubbai a rana shi yake buƙatarsa. Kai guda 200 gare ka.

To, mu yi lissafi. Bod 200, kowanne ƙafa 30, ƙafa 6,000 ke nan. Tambayar da kake yi wa kanka ita ce yaya za a yi a yanke su da sauri bayan solda. Ni kuma ina so ka sauya tambayar: me ya sa sai bayan solda? Nan ne arahar take. Yawancin wahalar da kake sha ba daga rashin inji ta fito ba, daga tsarin aikin ne. Idan ka mayar da yanka gaba, solda ta biyo baya, za ka samu sauƙi a hannu, aikin ya fi ƙarko, kuma abin da za ka kashe bai wuce kuɗin kota ɗaya ko biyu ba.

Kafin in nuna maka yadda ake yi, sai ka gane abin da yake faruwa a lokacin da kota ta ce ƙas. Solda mai kyau kamar jinkar rumbu take: faɗi a ƙasa inda ta kama zoben jan ƙarfe, ta tattaro zuwa sama ta rungume ƙafar, ƙafar kuma ta ɗan leƙo a tsororuwa. Lid ƙarfe ne mai laushi. Duk lokacin da ka yanke ƙafar da ta riga ta kafe a cikinsa, bugun yankan yana gangarawa ta jikin ƙafar ya shiga jinkar nan. Idan kotar mai kaifi ce kuma ka yanka a saman tsororuwa, bugun kaɗan ne. Idan ta dakushe, sai ka matsa da ƙarfi, ka ɗan murɗa, ka ɗan ja, kuma wannan murɗawar ita ce take raba ƙafa da lid ta bar wata siririyar tsaga da ido ba ya gani. A kan teburinka fitilar za ta kama tsaf. Matsalar sai ta hau babur.

Na sha wannan da kaina shekarun baya. Na haɗa wa wani ɗan kasuwa bod na caja, na gwada kowanne ya yi aiki, aka ɗaure su a kwali a bayan babur aka bi hanyar burji zuwa ƙauyukan da yake kai kaya. Cikin mako biyu ya dawo mini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wai wani sai an buga shi yake kamawa. Da na sa gilashi na duba, sai ga zobe siriri kewaye da ƙafafun kafasita da dayod, daidai wuraren da na yanka ƙasa-ƙasa har na ci cikin lid don in ga bayan bod ɗin ya yi sumul. Na biya kuɗin mota, na sake aikin kyauta, kuma sai da na daɗe kafin mutumin ya sake yarda da ni. Tun daga ranar ban ƙara cin tudun lid da kota ba.

Akwai kuma nau'in bod ɗin. Idan irin mai ruwan ƙasa ne, mai jan ƙarfe a fuska ɗaya, wanda nake kyautata zaton shi kake amfani da shi, to ramukansa ba su da ƙarfe a ciki. Abin da yake riƙe da ƙafar kawai shi ne zoben nan da aka manna da gam a jikin bod. Ka ja ƙafa da kota, zoben ya ɗago. Bod mai fuska biyu wanda aka shafe cikin ramukansa da ƙarfe ya fi juriya, don lid yana cika ramin tun daga ƙasa har sama, amma shi ma ba a yi masa ganganci.

Masu wannan sana'a a duniya suna da ƙa'ida a rubuce. Wata ƙungiya ta masana'antun lantarki da aka kafa a Amurka a 1957 da sunan IPC, tana da littafin duba ingancin aiki mai suna IPC-A-610. A cikinsa, ga kaya masu matsakaicin daraja, ƙafa ba za ta leƙo fiye da milimita 2.5 ba, ga kayan da rai ya dogara da su kuwa, irin na asibiti da jirgin sama, milimita 1.5. Mafi ƙaranci shi ne a iya ganin kan ƙafar a cikin lid. Kuma ƙa'idarsu ta ce idan an yanka bayan solda, to a duba wurin da gilashi mai ƙara girma sau goma, ko a sake narka lid ɗin. Ka ga ke nan su ma da suke da kayan aiki na miliyoyi ba su amince wa yankan bayan solda ido rufe ba. Kai ka riƙe milimita ɗaya da rabi, ya ishe ka.

Yanzu ga tsarin da nake so ka koma. Ka samu katako mai faɗi da ya ɗan fi bod ɗinka, ko wanda zai ɗauki bod huɗu a jere in kana da hali. Ka samu yankin soson katifa mai kaurin yatsa biyu. Ka jera gajerun kaya a bod, wato rasista da ƙananan dayod, ka ɗora soson a kansu, ka ɗora katakon a kan soson, ka ɗaure da robar tayar keke ko ka maƙale da abin shanya kaya, sannan ka kifa. Yanzu ƙafafu suna tsaye suna kallon sama, soso ya danne kayan sun kwanta a jikin bod, ba abin da zai zame. A nan za ka yanka, babu lid ko ɗigo. Ƙafar da ba a yi wa solda ba tana da ɗan wurin motsi a cikin rami, bugun kota ba shi da abin da zai fasa. Ka gama yanka, ka karkaɗe, sannan ka ɗauki ayan, wato ƙarfen narka lid. Bayan gajerun sai ka sa dogaye, kafasita da LED da tiranzista, ka maimaita.

Abu biyu za ka lura da su tun a bod na farko. Ayan zai riƙa shiga ko'ina ba tare da dajin ƙafafu ya tare shi ba, kuma gajeriyar ƙafa tana ɗaukar zafi da wuri, wanda babban abu ne ga mai ayan na wat 30 ko 40 da ke jingine da batirin sola. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa kowace ƙafa. Na biyu, lid zai lulluɓe kan ƙafar da ka yanke. Wannan yana da amfani fiye da yadda ake zato, saboda ƙafafu da yawa ƙarfe ne aka yi wa shafe, kuma duk inda ka yanka ka bari a buɗe, damina ɗaya ta isa ya fara tsatsa.

Sai maganar yadda za ka sa duk ƙafafun su zo tsayi ɗaya ba tare da kana aunawa da ido ba. Wannan ma'aunin yana cikin kwandon shararka. Bod na yau da kullum kaurinsa milimita 1.6 ne. Ka yanko ɗan ƙaramin yanki daga mataccen bod, ka kankare lid ɗin da ke jikinsa, ka tsaga masa ɗan baki kamar na cokali mai yatsu. Ka zura shi a gindin ƙafar, ka kwantar da bayan kotar a kansa, ka yanka. Abin da ya rage milimita 1.6 ne, kowace ƙafa, ko kai ka yi ko yaronka. In ba ka da mataccen bod, tsohon katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, ka manna biyu su ba ka 1.5 da ɗan ɗoriya. Wanda ya fi wannan sauri, tunda bod ɗinka iri ɗaya ne har 200: ka sadaukar da bod ɗaya wanda ba a sa masa komai ba, ka ɗan faɗaɗa ramukansa da ƙaramin diril don ƙafafu su wuce ba gardama, ka zura shi a kan ƙafafun gaba ɗaya ya kwanta a bayan bod ɗin da kake aiki, ka bi da kota kana sharewa a kansa kamar mai aski. Ka ɗaga shi, duk ƙafafu sun zo daidai, kuma kotarka ba ta taɓa layin jan ƙarfe ko sau ɗaya ba. Zura shi yana ɗan cin lokaci idan ƙafafun sun karkace, don haka ka sa su a miƙe tun farko.

Rasista kuwa kana iya gamawa da su tun ba su hau bod ba. Idan ka saye su da yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a jere suke zuwa manne da takarda gefe da gefe. Kada ka fizge su ɗaya-ɗaya. Rasista mai kwatan wat jikinta ya ɗan haura milimita 6, kuma galibi tazarar ramukanta milimita 10.16 ce, wato tsallake huɗu a bod mai ramuka. In ka haɗa ɗan abin da zai fita daga jikinta kafin lanƙwasa, da kaurin bod, da abin da zai leƙo, za ka ga kowane gefe yana son milimita 6 zuwa 7. Ka gwada da guda biyar tukuna a kan bod ɗinka har ka samu tsayin da ya zauna. Sannan ka shimfiɗa jerin, ka ja layi da maka, ka bi layin da almakashin masu yankan kwano. Rasista ashirin a bugu uku ko huɗu. Don lanƙwasa, ka samu ɗan katako mai faɗin tazarar ramukan, ka fafe masa kwarin da jikin rasistar zai kwanta, ka danna ƙafafun biyu ƙasa da yatsu. Abin kiyayewa ɗaya ne: kada lanƙwasar ta faɗo daidai inda ƙafa ta fito daga jiki, ka bar kamar milimita ɗaya, musamman ga ƙaramin dayod na gilashi irin 1N4148 wanda yake fashewa ba ka ji ba. Wannan aiki ne da ƙanenka zai iya yi da yamma yana zaune, kai kuma gari ya waye ka tarar da kofi cike da rasista a shirye.

Mu zo kan kota, don da ita za a yi komai. Kotar masu wayarin gida bakinta a fiƙe yake ta fuska biyu, tana matse ƙarfe ne har ya tsinke, shi ya sa take barin kai mai tsini, bugunta kuma ya rabu biyu, rabi ya tafi sama rabi ya gangara bod. Wadda kake buƙata ita ce ƙaramar nan mai shafaffen baya, mai sifirin da ke buɗe ta da kanta. Za ka gan ta wurin masu kayan gyaran waya a Farm Centre ta Kano ko masu kayan lantarki a Sabon Gari, da yawa da lamba 170 a hannunta. Ta asali da kwaikwayo duk suna nan, kuma ga aikinka ko kwaikwayon zai yi, in dai ka zaɓa da kyau. Ka rufe bakinta ka ɗaga ta saitin rana: idan haske yana ratsawa tsakanin haƙoran, ajiye ta ka ɗauki wata. Ka girgiza hannayen, in ƙusar tsakiya tana lilo, ita ma ajiye. Sifirin ɗin nan kada ka raina shi, rashinsa ne rabin bororon hannunka, don kowane yanka sai ka sa yatsa ka buɗe. Wajen aiki, shafaffen bayan shi yake kallon bod, kwarin ya kalli abin da za a zubar.

Irin wannan kotar an yi ta ne don jan ƙarfe mai laushi wanda bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Abin da ya kashe taka, ina da yaƙinin ɗayan biyu ne. Ko dai ka sa ta a ƙafa mai kauri, irin ta dayod 1N5408 wadda ta haura milimita ɗaya, ko fil ɗin soket, ko kuma kayanka masu ƙafar baƙin ƙarfe ne. Ka sa maganaɗisun tsohuwar sifika a kansu ka gani. Wanda ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe da kuza, kuma rasista masu araha da LED da kafasita da yawa haka suke. Ba laifi ba ne a yi aiki da su, amma suna cin bakin kota. Saboda haka ka riƙe kota biyu. Tsohuwar ta wayarin ta ɗauki masu kauri, kuma kullum kafin solda. Sabuwar ta tsaya a sirara, kuma in ƙafar mai ɗan tauri ce ka kai ta can cikin baki kusa da ƙusa inda ƙarfi yake, kada ka yanka da tsinin. Kada ka ara wa kowa ita ya yanke waya, ko da minti ɗaya ne ya ce. Ɗigon man keken ɗinki a ƙusar duk mako. In ta fara dakushewa, ka shimfiɗa samfefa mai laushi sosai a kan gilashi, ka goga shafaffen bayan a kwance sau kaɗan. Wannan yana dawo da kaifi, amma in bakin ya riga ya yi giɓi, ta tashi daga aikin bod, ta koma yankan waya.

Wasu suna amfani da abin yanke farce. Yana yi, ban hana ba, musamman ranar da kota ta mutu kuma kasuwa sai Lahadi. Yana yanka sumul a kan siririyar ƙafar jan ƙarfe. Sai dai bakinsa a lanƙwashe yake, gefunansa suna iya karce layi, ba ya shiga lungu, ƙafar ƙarfe kuma tana cinye shi cikin kwana biyu. Abin fita kunya ne, ba abin ƙafa dubu shida ba. Wanda na hana gaba ɗaya shi ne lanƙwasa ƙafa gaba da baya har ta karye. Na ga masu gyaran rediyo suna yi a kasuwa, kuma babu hanyar da ta fi ta saurin ɗaga zoben jan ƙarfe.

Akwai kayan da ba a taɓa su ma. IC mai ƙafa takwas ko goma sha huɗu, soket ɗin USB, rile, da wurin ɗaure waya mai sukuru, duk an yi ƙafafunsu daidai da kaurin bod. Ka ƙirga da kyau, wataƙila cikin talatin ɗin nan naka akwai shida ko takwas da kake yankewa a banza.

Yanka kafin solda yana da tarko ɗaya da nake so ka sani tun yanzu. LED da kafasita mai ruwa, doguwar ƙafarsu ita ce fozitib. Da ka yanke, alamar ta tafi. Saboda haka su ba a yanka su a ƙasa kamar rasista, sai sun shiga raminsu ka tabbatar sun fuskanci daidai. In kuma ta kama dole, jikin LED yana da gefe ɗaya a shafe, shi ne negatib, kafasita kuma tana da zane a gefen negatib. Kafasitar da aka juya tana kumbura, wani lokaci ta fashe.

Guntayen ƙafafun nan su ma aiki ne. Kota mai shafaffen baya tana tura yawancin ƙarfinta kan guntun da za a zubar, shi ya sa yake tashi kamar an harba shi. Wani yaro da ya koyi aiki a wurina guntu ya taɓa shigar masa ido, sai da muka je asibiti aka cire, Allah ya taƙaita bai taɓa ƙwayar ba. Daga ƙauyenku zuwa wurin likitan ido tafiya ce, don haka ka sa tabarau, ko na masu babur ne mai farin gilashi. Ka saba ɗora yatsa a kan ƙafar kafin ka matsa. Akwai kuma dabara mai kyau: ka wanke bakin kotar da sifirit, ka rufe shi ka ɗaure hannayen da roba, ka cika kwarin da gam ɗin silikon irin na masu tagar gilashi, ka bar shi ya kwana ya bushe, sannan ka tsaga tsakiyarsa da reza. Daga nan duk abin da ka yanka, silikon ɗin zai cafke shi har sai ka buɗe. Ka yi aikin a cikin babban tire, ba a kan tabarma ba, don guntun da ya shige saƙar tabarma sai ƙafar yaro ce take nemo shi, kaji ma suna tsattsaga. Maganaɗisu a cikin leda yana kwashe na ƙarfe, ka juya ledar su zube a gwangwani. Dogayen kada ka zubar, su ne wayar tsallake a bod mai ramuka. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, kullum.

Kuma tunda fitilar sola ce, batirinka mai yiwuwa na litiyam ne mai lamba 18650. Kada kota ta kusanci bod alhali batiri yana jone. Bakinta ƙarfe ne, ya haɗa ƙafa biyu shi ke nan, ga tartsatsi, ga IC ya tafi. Guntu ɗaya da ya maƙale a bod ya shiga kwando tare da irin wannan batirin yana iya jawo gobara a ɗakin wanda ya saya, cikin dare, a ɗakin kara ko na jinka. Kafin ka rufe kowace fitila ka buga gefen bod ɗin a tebur, ka share bayansa da tsohon buroshin haƙori da sifirit, ka sa mita tsakanin fozitib da negatib ka tabbatar ba ta yi ƙara ba. Ranar da ka fara taɓa bod mai shan wutar gida kuwa, ka sani babbar kafasitar ciki tana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare wuta, sai an sauke ta da rasista kafin hannu ko kota su je wurin.

In Allah ya buɗa aikin ya kai dubu a wata, akwai ƙaramin inji na hannu da ake juyawa kamar injin taliya, ana zura masa jerin rasista yana yankewa yana lanƙwasawa, ba ya shan wuta. Amma kafin ka sa kuɗi a kansa, ka yi tunanin sauya zanen bod ɗin zuwa ƙananan kayan da ake mannawa a fuska, waɗanda ba su da ƙafa sam. Masu lamba 1206 da 0805 ana sa su da ayan na hannu da ɗan hantsaki, kuma masu gyaran waya kullum suna aiki da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Wannan magana ce ta gaba.

Saura guda 60 da ka riga ka gama da dakusasshiyar kota. Kada ka miƙa su a yadda suke. Ka nemi gilashin masu gyaran agogo, in babu ka sa kyamarar wayarka ka jawo hoton, ka fita inda hasken safiya yake bugowa ta gefe. Ka fara da ƙafafun manyan kaya, kafasita da dayod da wurin da wayar batiri take shiga, don su ne nauyinsu yake jijjiga a hanya. Duk inda ka ga zobe kewaye da ƙafa, ko tudun lid da kota ta ci, ko ƙafar da take motsi in ka taɓa kayan ta ɗaya fuskar, ka ɗiga fulos, wato man da ke sa lid ya kama, ka ɗora ayan daƙiƙa biyu, ka ƙara ɗan sabon lid. Inda zoben jan ƙarfe ya ɗago, ka kankare koren fentin layin kaɗan, ka kwantar da guntun ƙafa a kai ya haɗa su, ka yi solda. Sannan ka kunna kowace fitila ka ƙwanƙwasa bod ɗin da gindin sukudireba. Wadda haskenta ya yi rawa, ka ware ta gefe ka sake bi. Ragowar 140 ɗin kuma ka fara da guda biyar a sabon tsarin, ka duba agogo, ka rubuto mini abin da ka gani da kuma irin bod ɗin da kake amfani da shi.